Zazzaɓin da Ya Tarye Ni a Kurugu

Alhamdu lillahi, Allah ya tashi kafaɗuna, shi ya sa nake da bakin ba da wannan labari. Na rubuta shi ne don 'yan'uwana ɗalibai da ke ƙasashen ƙetare suna ƙirga kwanakin zuwa hutu gida. Abin ya faru ne a daminar da na zo daga Ingila, lokacin Turawa sun fara maganar ba mu mulkin kai. Wani sashen na tuna da kaina, wani kuwa ba ni labari aka yi, kuma har yau akwai wuraren da abin da na tuna da abin da mutanen gidanmu suka gani ba su haɗu ba. Inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

Sunana Habibu, mutumin Kurugu ta ƙasar Karaye. Gwamnati ce ta tura ni koyon aikin malanta na shekara uku. Na bar mai ɗakina Hajara da ciki, na bar Baba da wana, Yaya Lawan, suna noman dawa da gyaɗa. Mahaifiyarmu ta rasu tun ina elemantare. Sharaɗin karatun shi ne gwamnati za ta biya kuɗin jirgi sau biyu kacal, tafiya da dawowar ƙarshe. Wanda ya so leƙo gida a tsakani, shi da aljihunsa. Shekara biyu na yi ina tsimi. Burodi da shayi safe da yamma, tafiyar ƙasa maimakon bas, in an yi hutun sanyi in kama aikin ware wasiƙu a gidan waya. Da abin ya taru na sayi tikitin da ya fi kowanne araha, na zuwa da komowa, can ƙasan jirgin ruwa kusa da inji, irin wanda ba a sake masa rana.

Kafin mu tashi, wata ma'aikaciya a ofishin kula da ɗalibai ta ce in sayi ƙwayar rigakafin zazzaɓi in riƙa sha kullum tun daga cikin jirgi. Na shiga kantin magani na tambaya. Kuɗinta ya zo daidai da na wani bargo da na yi niyyar sayo wa Baba. Na yi dariya a raina. Ni da aka haifa a bakin fadama, sauro ya san ni tun ina zanen goyo, ni za a ce in sha maganin Turawa don zan je gidan ubana? Na sayi bargo.

Makon farko lafiyata ƙalau, amma ban taɓa ruɗewa irin na wannan mako ba. Kwana goma sha huɗu muka yi a ruwa, kwana biyu a jirgin ƙasa daga Ikko a kan bencin katako, sannan babbar motar 'yan kasuwa daga Kano zuwa Karaye. Yaya Lawan ya tarye ni da jaki aka ɗora akwatina. Da muka isa gida na tarar da Baba a zaure kan buzunsa, dattawan unguwa uku na tare da shi. Na shiga da takalmi, na tsaya ƙyam, na miƙa masa hannu. Hannun ya daɗe a miƙe. Sai da Yaya Lawan ya yi gyaran murya sannan na tuɓe takalmin na zube ƙasa. Ba mantawa na yi ba. Shekara biyu ina kwana ina tashi da tunanin wannan durƙuso, da lokacin ya zo sai jikina ya riga ni yin wani abu dabam.

Baba bai nuna komai ba, ya ce, "Sannu da hanya, Habibu. Ka iso lafiya?"

Na ce lafiya lau, na yi shiru ina jiran a shiga magana. Dattawan suka dubi juna. Su ko rabin gaisuwa ba su yi ba.

A cikin gida na ƙara tafka wata. 'Yar da aka haifa bayan tafiyata sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Ummi kowa ke ce mata. Ga ta kuma 'yar fari, wadda uba ba ya ɗaga ido ya dube ta a gaban mutane. Ni kuwa ina hango ta dafe da turmi na sure ta sama, na kira sunanta na yanka da ƙarfi, na sumbace ta a goshi yadda na ga iyaye maza na yi a tashar jirgi a can. Yarinya ta tsandara kuka. Matan da suka zo yi mini barka da zuwa suka rufe baki da mayafi. Hajara ta karɓe ta ba ta dube ni ba, ta shige ɗaki.

Tuwon dawa da miyar kuka da na yi ta mafarki a ɗakina na haya, da aka ajiye mini loma uku na yi ya tsaya mini a wuya. Kome aka miƙo mini sai in ce na gode, har Yaya Lawan ya ce, "Gidan ubanka ne fa. Bar wannan godiya kamar wanda aka ba sadaka." Na ce wa Hajara ta riƙa tafasa mini ruwan sha. Ta ce to. Can ta dawo ta tsuguna ta ce, "Malam, wani abu ka gani a randar?" Na rasa yadda zan yi mata bayani ba tare da na ce ruwan da ita da 'yarta da Baba ke sha ƙazami ne ba. Na ce ta bar shi kawai.

Abin da ya fi damun mutane shi ne yawona. A can na saba in an tashi daga aji in zaga ni kaɗai in sha iska. A nan zaure cike yake da masu gaisuwa tun safe, kowa na so ya ji ko gaskiya ne rana ba ta fitowa a Ingila, ko kuma a ina nake samun naman da aka yanka. In kaina ya ɗau zafi sai in sulale bayan la'asar in bi hanyar fadama, in wuce wata tsohuwar tsamiya da ko makiyaya ba sa zama a gindinta, in tsaya bakin ruwa ina korar sauro da hula. A garinmu lafiyayyen mutum ba ya tafiya shi kaɗai ba aike ba, ba gona ba. Na san wannan tun ina yaro, amma sai da na kwanta na tuna.

A mako na biyu, wata rana da hantsi, rana na dukan ƙasa, na ji sanyi ya shige ni har ɓargo. Haƙorana na haɗuwa. Bargon nan da na sayo wa Baba, ni aka fara lulluɓa wa. Bayan sanyi sai zafi, bayan zafi sai gumi kamar an sheƙa mini ruwa, zuwa la'asar na tashi garau har na ci abinci. Washegari lafiya lau. Jibi sai ga shi ya dawo, daidai lokacin.

Masu shawara suka yi sallama. Yaya Lawan ya ce canjin ruwa ne. Wata maƙwabciya ta kawo tazargade aka yi mini sirace har na kusa shiɗewa a cikin mayafi. Baba ya karɓo rubutu wajen liman, na sha. Ni kam na ce musu zazzaɓin sauro ne. Aka yi mini dariya, ba da mugunta ba. Suka ce zazzaɓin damina ai na yara ne, babba kwana biyu ne ya karkaɗe jiki ya ɗau fartanya. Kuma gaskiyarsu, haka nake yi kafin in tafi. Sai ni ma na fara shakka.

A karo na uku ne na fara surutai. An ce Turanci zalla nake yi, ina miƙa hannu wajen bango ina kiran suna ɗaya, Misis Gilbat. Abin da ni na tuna shi ne ina ɗakina na haya, murhun nan da sai an jefa masa sule yake kamawa ya mutu, ina laluben aljihu babu sule, ina kiran matar gidan ta taimake ni. Amma a cikin ɗakin nan ina jin daka, ina jin kaji, kuma akwai wata mace da ke goga mini rigar tsumma a goshi wadda na kasa gane daga wace ƙasa take.

Kafin a kwana biyu gari ya kasu gida biyu. Wasu suka ce na auri Baturiya na ɓoye. Wasu suka ce mutum ya ƙetare teku ba tsari, ya zo kuma yana zirga-zirga gindin tsamiya, ai an san aljana ce mai wannan suna. Hajara ta ji duka biyun a bakin rijiya. Ba ta tambaye ni ba.

Mako na uku Yaya Lawan ya ɗora ni a jaki zuwa ɗakin shan magani a Karaye. Mun tarar da layi har waje: mata da goyo, masu gyambo, wani Bafulatani da saniya ta soka a cinya. Ma'aikacin wurin, Malam Isiyaku, ya girme ni da aji biyu a makarantar midil. Yana hango ni ya aiko a shigo da ni. Na ce a'a, zan bi layi. A Ingila ko mai kuɗi bin layi yake, kuma abin ya burge ni ƙwarai.

Yaya Lawan ya matso kusa da kunnena ya ce, "An yi maka kara ka ƙi? Kunyata mutum za ka yi a gaban jama'a."

Wata tsohuwa da ke gabana ta ce, "Wuce mana, ɗan nan. Mu ai mun saba."

Na ƙi. Na yi kamar awa guda a tsaye cikin rana, sai na ga bangon wurin ya tuntsure. Aka kinkime ni aka shiga da ni, aka dakatar da kowa har na farfaɗo. Ga shi na tsallake layin, ga shi na ɓata wa mutane lokaci.

Malam Isiyaku ya duba ni da kyau, Allah ya saka masa. Ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. Sai dai don ya girmama ni, da Turanci ya yi mini bayani, Yaya Lawan na tsaye yana kallonmu kamar masu kiran tsuntsu. Daga baya Malam Isiyaku ya rantse sau biyu ya faɗa mini cewa ƙwayar tana rina fata da fitsari, kada in tsorata, kada in daina. Na yarda ya faɗa. Ni dai abin da na tuna bakinsa na motsi. Mutum ɗaya ne a ɗakin ke cikin hayyacinsa kuma zai koma gida da ni, shi ne kuwa ba a yi wa magana ba.

Kwana biyar ina sha, zazzaɓi ya ja baya. Amma tafin hannuna ya koma rawaya, farcena ma haka, fitsari kuwa ba a magana. Ana cikin haka Gwaggo Tasalla ta zo dubiya. Ƙanwar Baba ce, ta yi aure a Beli ta ƙasar Rogo, kuma duk yankin an san ta da maganin ciwon shawara. Ta kama hannuna ta juya, ta gwale mini ido da babban yatsa.

"Shawara ce," ta ce wa Baba. "Ba ta hau ido ba tukuna. Irin wannan ta fi mugunta, Yaya, a ɓoye take cin mutum."

Na ce, "Gwaggo, ai ina shan magani."

"Mu gani." Na zazzage mata a hannu. Ta ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, launinsu ya saje. "Kai da ka yi karatu, faɗa mini. Ana zuba wa gobara mai?"

Na dubi ƙwayar, na dubi hannuna. Na kuma tuna na taɓa karanta cewa shawara ciwon hanta ne, kuma magani na wahalar da hanta, sai na ga maganarta ta hau. Saboda haka kada wani ya ɗora wa Gwaggo laifi ita kaɗai. Da hannuna na miƙa mata sauran ƙwayar, ta jefa a masai.

Mako na huɗu a Beli na yi shi. Wuni guda muka yi a hanya, ina kan takarkari, Yaya Lawan na ja, Hajara na biye da Ummi a goye. Gwaggo ta share mini ɗakin mijinta marigayi. Safe da yamma jiƙon saiwoyi mai ɗacin tsiya, wanda ke sa ni zarya bayan gida. Ba mai, ba nama, ba nono, sai kunu tsurarsa. Amma ban taɓa ganin jinya irin tata ba. Tsohuwar nan za ta zauna daga azahar har la'asar tana yi mini fifita, tana ba ni labarin mahaifiyata, yadda aka kawo ta amarya, yadda take tsoron kwaɗi. Abubuwan da Baba bai taɓa faɗa mini ba a wajenta na ji. In na tuna ɗacin jiƙon in ji haushi, in na tuna fifitar in ji kunyar haushin.

Kwana uku ba zazzaɓi. Na taka har ƙofar gida. Mata suka yi ta zuwa yi wa Gwaggo barka, ni ma na yi mata godiya da zuciya ɗaya. Rana ta huɗu ya dawo, kuma wannan karon bai tafi ba. Babu sauran yau da ciwo gobe da sauƙi. In na ɗaga kai sai in ji zuciyata na bugawa a kunne. Daga shimfiɗa zuwa bakin ƙofa sai na huta sau biyu. Daga nan abin da na tuna gutsi-gutsi ne. An ce wata rana Hajara ta kawo mini kunu, na gyara zama na gaishe ta da ladabi cikin Hausa mai kyau, gaisuwa cikakkiya wadda na kasa yi wa dattawa, sannan na tambaye ta matar wane ne ita a gidan nan.

Ranar nan ce Hajara ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Yaya Lawan ne ya ba ni labari. Ya ce suna zaune da Gwaggo a tsakar gida suna shawarar a ƙara ƙarfin jiƙo ko a kira masu hayaƙin korar aljanu, sai ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Gwaggo, ki gafarce ni, ban isa in sa baki ba. Amma da yana shan ƙwayar nan yana gane ni."

Ya ce Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaki ta sake gwale mini ido, ta fito ta ce, "Shawarar da na sani da yanzu ta hau ido. Wannan idon fari ne kamar alli. Lawan, gobe kasuwar Rogo, akwai mota." Ta kwance bakin zanenta ta ba shi kuɗin motar mu uku. Wannan ma na rubuta shi don a sani.

Tafiyar Kano ba ta yi sauƙi ba. An yi ruwa, aka rufe shingen hanya don kada manyan motoci su ɓata ta, sai da ƙasa ta sha iska washegari aka buɗe. Yaya Lawan ya roƙi mai gadin shingen har ya gaji, mutumin ya ce shi ma da na gaba da shi. Ni ban san an yi ba. Warin tamfal da daddawa kawai na tuna, da wani fasinja da ke ta karanta mini addu'a, ni kuwa ina zaton jirgin ruwa ne ke juyi da mu.

A babban asibiti layin karɓar kati ya fi na Karaye sau nawa. Wannan karon Yaya Lawan bai nemi jin ra'ayina ba, ya goya ni ya ratsa mutane har gaban tebur, aka kuwa ba shi hanya. Aka tsaga mini yatsa aka ɗibi jini. Likitan wani Bature ne mai furfura da ya daɗe a ƙasar nan. Ya yi mini magana da Hausa, na ba shi amsa da Turanci, ya sake yi da Hausa, har na rasa wane ne baƙo a cikinmu. Da ya ga haka ya juya wajen Yaya Lawan.

"Shekara nawa ya yi a can?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Ya sha ƙwayar rigakafi da zai zo?"

Yaya Lawan ya dube ni. Na girgiza kai.

Likita ya ce, "Zazzaɓin sauro ne, ba wani abu ba. Ku da kuke nan kullum sauro na cizonku, jininku na riƙe da garkuwa. Shi shekara biyu ba yaƙi, jininsa ya ajiye garkuwa. Rawayar hannun nan kuwa ta ƙwaya ce, ba ta hanta ba. Wa ya ce ya daina sha?"

Maganar ajiye garkuwa ita ce ta zauna mini, ban manta da ita ba.

Ya ce jinina ya kusa ƙarewa, sai an ƙara mini. Aka gwada na Yaya Lawan ya yi daidai. Mutumin da ba ya tsoron maciji, da ya ga kwalbar da za a cika sai gumi ya keto masa. Ya tambayi ma'aikacin ko in an ɗiba zai sake iya riƙe garma. Aka ce zai iya. Ya tambaya ko jinin na dawowa. Aka ce yana dawowa. Ya yi bisimilla ya miƙa hannu ya kau da kai. Aka bi ni da allura wadda ta sa kunnuwana ƙara kamar an kifa mini ƙwarya, kwana da kwanaki ina ganin bakin mutane na motsi ina jin maganarsu daga nesa.

Mako biyu da rabi na yi a gadon asibiti. Wani fatoma mutumin Yammedi ya ba su Hajara masauki a birni, Allah ya ji ƙansa, ko sisi bai karɓa ba. Kullum sai ta dafa abinci ta tako da ƙafa, Ummi a baya, ta zauna a baranda tare da sauran masu jinya har a buɗe ƙofa da la'asar. A gida Baba ya sayar da awaki biyu ya aiko. Abin da ya fi awakin ciwo shi ne gona: lokacin maimai ne, Yaya Lawan na zaune a Kano yana gadina, ciyawa na cin gyaɗa, Baba shi kaɗai da tsufansa.

Ranar da kunnena ya buɗe na tambayi na gadon kusa da ni ko yau nawa ga wata. Da ya faɗa na ce ya yi kuskure. Na tambayi ma'aikaci, ya faɗi daidai da nasa. A lissafina saura mako guda jirgina ya tashi daga Ikko. Ashe ya tashi tun kwana huɗu. Kwana goma sha ɗaya cur suka ɓace mini, har yau ban san inda suka shiga ba. Tikitin da na yi shekara biyu ina cin burodi dominsa ya zama takarda. Na kwanta na juya fuska bango. Ina tunanin in aka soke karatun me zan ce wa mutanen Kurugu, kuma, in faɗi gaskiya, wani sashe na zuciyata cewa yake Allah ya sa a soke, wani sashen kuma ya ƙosa ya bar ƙasar. Likita ya rubuta mini takardar shaida, na haɗa da wasiƙa zuwa ofishin ilmi. Bayan kwana tara amsa ta zo: in bi jirgi na gaba, za a riƙa cire kuɗin daga alawus ɗina na shekarar ƙarshe.

Ana saura kwana biyu a sallame ni, na iya fitowa baranda. Yaya Lawan ya tafi salla, Ummi na barci a cinyar uwarta. Hajara ta ce, "Malam, in yi tambaya?"

Na ce ta yi.

"Wace ce wadda kake kira?"

Na ce mata tsohuwa ce, ta girmi Gwaggo, mijinta ya mutu a yaƙi, ɗaki take ba ni haya a gidanta. In mura ta kama ni sai ta cika wata gorar roba da ruwan zafi ta ce in sa a ƙafa.

Ta yi ɗan murmushi. "Da ma na ce tsohuwa ce. Ba kiran budurwa kake yi ba, kiran mai jin ƙishirwa ne."

Na ce to me ya hana ta tambaya tuntuni, ta bar mutane na ta faɗin abin da suka ga dama?

"Wa zan tambaya? Wanda ya dawo ban san shi ba, kafin in san shi ya kwanta." Ta gyara wa yarinyar wuya. "Wasiƙunka kuma a zaure ake karanta su, malamin makaranta ne ke zuwa ya karanta wa maza. Abin da ke isowa cikin gida shi ne, ya ce a gai da iyali. Shekara biyu, a gai da iyali."

Na ce ai ba yadda zan yi, tun da ba ta karanta boko.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na zo. "Malam, na sauke kafin a kawo ni gidanku. Ina karanta ajami. Kai ma da shi ka fara."

Na sani sarai. Ina wurin walimar saukarta. Amma tun da na shiga midil, in aka ce wasiƙa sai hannuna ya tafi daga hagu zuwa dama, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Na koma Kurugu na yi kwana shida. Gwaggo ta zo, ta duba hannuna ta ga rawayar ta fara bajewa, ta ce jiƙonta ne ya kore ta, asibiti ƙarasawa kawai suka yi. Baba ya ce rubutun liman ne ya riƙe raina har aka kai ni. Masu maganar tsamiya suka ce ai da aka raba ni da garin ne ta sake ni. Ni na san abin da likita ya gani a jinina, amma in aka tambaye ni me ya sa na yi kwana uku garau a Beli, ko me ya sa na yi wa matata gaisuwar da na kasa yi wa ubana, sai in ce ban sani ba.

Abin da zan ce wa masu zuwa kaɗan ne. Ku sayi ƙwayar, ko da za ku shigo gida hannu rabbana, don tsarabar da na fifita a kanta ta ci awaki biyu da rabin gyaɗar gidanmu. In za a yi muku bayanin magani, a yi da harshen wanda zai yi jinyarku. Kada ku sayi tikitin da ba a sake masa rana. In an ce ku wuce gaba a layi kuna rawar sanyi, ku wuce. Sauran kuwa, maganar yadda mutum zai shiga gidansu ya rasa inda zai sa hannunsa, ban san maganinta ba.

A cikin jirgi na rubuta wa Hajara wasiƙar farko da ajami. Hannuna ya yi tsauri, shafi ɗaya ya ci mini wuni biyu. Na rufe ta dabam na sa a cikin ta Baba, na rubuta a baya kada a buɗe a zaure. Sai da sanyi ya shiga sosai amsa ta same ni, a wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, da tawadar allo. Bayan sallama layi huɗu ne. Ta ce gyaɗa ba ta yi auki ba amma dawa ta yi. Ta ce Yaya Lawan ya koma riƙe garma kamar da. Ta ce akwai kalma uku a wasiƙata da ta kasa karantawa, in riƙa sa wasali. Ta ce Ummi ta fara cewa Baba, amma Yaya Lawan take nufi, in gama in dawo.